Yadda ɗan jarida mai zaman kansa zai tsallaka iyaka ya ɗauko labarin bayan yaƙi ya dawo lafiya

Tun da na saka hotunan tafiyata ta ƙarshe saƙonni ba su tsaya ba, yawanci daga ƙannena masu aiki a ƙananan gidajen rediyo a Garwa da Marwa da Ngaundere, wasu ma daga Kusiri, kuma tambayar guda ce ko da an canza mata riga: Yaya, ta ina mutumin da ba shi da albashin kowa zai bi ya je ƙasar da ta fito daga yaƙi ya yi rahoto, a biya shi, kuma ya dawo gida da kansa a wuyansa? Na gaji da amsawa ɗaya-ɗaya da murya har cajin waya ya ƙare, to ga shi na zauna na rubuta yadda ni nake yi. Da ƙafa na koye shi, wani wurin ma da asara.

1. Nemi labari, ba ƙasa ba

"Ina so in je Bangi in yi rahoto" ba labari ba ne, yawo ne. Edita ba ya sayen ƙasa, tambaya yake saye, tambaya guda wadda akwai mutum mai rai da zai amsa ta. Misali a Afirka ta Tsakiya an sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya da ƙungiyoyi 14 a Fabrairun 2019, amma a watan Mayun wannan shekarar aka kashe gomman mutane a ƙauyukan Koundjili da Lemouna, sai a ƙarshen Oktoban 2022 kotun musamman ta Bangi, babban birnin ƙasar, ta yanke wa mutum uku na ƙungiyar 'yan tawaye ta 3R hukunci a kan kisan. To me ya canza a gidajen matan da aka kashe wa maza bayan alƙali ya rufe littafinsa? Wannan labari ne. Ko nan kusa da mu a Chadi, kotun Dakar ta ɗaure tsohon shugaban ƙasar Hissène Habré a 2016, a 2017 aka tsayar da diyyar sefa biliyan 82 ga mutum 7,396, shi kuma ya rasu a 2021, nawa ne ya shiga hannun tsohuwar da ta yi shekaru tana zaman jira a Injamena? Ko 'yan gudun hijirar Najeriya na sansanin Minawao a nan Kamaru da aka mayar Banki da Bama, suna iya fita gona ko suna cikin ganuwa ne kawai?

Gargaɗi: kalmar "bayan yaƙi" tana ruɗin mutane. A gabashin Chadi wajen Adre mutanen da za ka tarar sun gudo ne daga yaƙin Sudan da ya ɓarke 15 ga Afrilun 2023, a wurinsu babu wani baya tukuna. Ka san wane irin wuri za ka shiga kafin ka ɗaura jaka.

2. Sayar da labarin kafin ka sayi tikitin mota

Wannan shi ne matakin da na fi so ku riƙe, don nan na ƙone hannuna. Tafiyata ta farko na sayar da babur ɗina na tafi da zaton in na dawo da kaya masu kyau za a yi ta rububi, na dawo na aika wa gidaje biyar, ɗaya ya ce sun riga sun yi makamancinsa, sauran ko "mun gani" ban samu ba, sauti yana nan cikin kwamfuta har yau babur kuma ya tafi.

Yadda ake yi, ka rubuta wa edita imel gajere, kada ya wuce abin da zai karanta yana shan shayi. Layin farko tambayar labarin, sai wa za ka yi magana da shi, sai me ya sa yanzu, sai me ya sa kai (kana jin Hausa da Fulatanci da Faransanci, ko Larabcin Chadi, wannan babban jari ne da baturen da zai taso daga Faris ba shi da shi), sai aikinka biyu ko uku na baya. Sassan Hausa na RFI da DW da BBC da TRT Afrika suna da masu aiko musu rahoto daga yankinmu, a rubuce kuma akwai irin su HumAngle a Abuja da The New Humanitarian da suka fi mai da hankali kan rikici da jinƙai. Don kuɗin tafiya Pulitzer Center na ba da tallafi amma sukan so ganin cewa akwai gidan da ya yarda zai buga, mata kuma ku duba IWMF, gidauniyar da ke tallafa wa mata 'yan jarida.

In edita ya ce to, kada murna ta sa ka kashe waya. Ka nemi ya rubuta maka abu huɗu: nawa za a biya, yaushe, wa zai ɗauki kuɗin mota da masauki, kuma in suka fasa bugawa bayan ka yi aikin nawa za su ba ka. Sannan ka roƙi takardar turawa aiki mai tambarin gidan da sa hannu, wadda jandarmominmu suka sani da odur da misiyon. Alkawarin baki a WhatsApp ba ya tsallake shinge.

3. Takardu

Mu 'yan Kamaru da Chadi muna da sauƙi guda, tun 2017 ƙasashe shida na CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin tsakiyar Afirka, sun cire biza tsakaninsu, wato mu da Afirka ta Tsakiya da Kongo da Gabon da Gini Ikwatoriya, kuma sefarmu ɗaya ce. Amma shiga ƙasa daban, izinin ɗaga makirufo daban. A Chadi hukumar kafafen yaɗa labarai ita ce HAMA, sansanonin 'yan gudun hijira kuma suna ƙarƙashin CNARR, hukumar gwamnati mai kula da su, ba a shiga da kyamara sai da saninsu. A Bangi ma'aikatar sadarwa za ka fara nema. Ka fara bin takardun nan wata guda kafin ranar tafiya, don mai sa hannu kullum ya "fita sallah" ko yana taro.

Abin da nake zubawa cikin leda mai zif: fasfo, katin shaida, katin aikin jarida, takardar edita, katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa, hotuna ƙanana guda takwas, da kwafin kowace takarda sau biyar. A shinge kwafi nake miƙawa tukuna, ainihin sai an nace.

Gargaɗi: kada ka shiga a matsayin ɗan kasuwa ko mai ziyarar dangi alhali aiki ya kai ka. Ranar da aka buɗe jakarka aka ga na'urar ɗaukar sauti, ƙaryar da ka yi a bakin iyaka ita za ta zama laifin, kuma a wuraren nan daga "maƙaryaci" zuwa "ɗan leƙen asiri" taku ɗaya ne.

Da ka isa gari, kafin masauki ma, ka je ka gai da hukuma, ferefe ko su-ferefe, kwamandan jandarma, sannan sarki ko lawani ko shugaban sansani. Awa biyu za ta ci maka amma za ta cece ka daga kwana biyu a ofis.

4. Lissafin kuɗi

Yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, to in edita ya ce yuro 300 ka sani wajen sefa 196,800 ke nan, kafin mai turo kuɗi ya cire nasa. Yanzu ka rubuta a takarda: mota zuwa da dawowa, masauki kowane dare, abinci na mutum biyu ko uku don ba za ka ci kai kaɗai direba na kallo ba, ɗan jagora, mai fassara, man babur, layin waya da data, kwafin takardu, magani. Abin da ya fito ka ƙara masa kashi ɗaya cikin uku, na motar da za ta lalace da kwanan da ba ka shirya ba. A tafiyata ta ƙarshe sefa 25,000 nake ba ɗan jagora a yini ban da abinci, shi ne ya fi komai cin kuɗi kuma shi ne bai kamata a rage ba.

In ka haɗa ka ga labari ɗaya ba zai rufe kuɗin ba, kuma yawanci ba ya rufewa, to ka fito da uku daga tafiya guda, rahoton rediyo ga wannan gida, rubutu ga wancan, hotuna ga wani, amma kowane edita ya sani, kuma kusurwar ta bambanta. Sayar wa gidaje biyu abu ɗaya a ɓoye hanya ce ta rasa su duka.

Kuɗi kuma tsaba, ƙananan takardu, a raba gida uku: aljihu, ƙasan jaka, da cikin safa ko ɗamara. Orange Money da MTN ɗinka na Garwa kada ka dogara da su da zarar ka haye gadar Ngeli, can Airtel da Moov ke aiki, kuma a ƙauye sau da yawa babu sabis gaba ɗaya.

5. Ɗan jagora

Da ɗan gari akan ci gari. Ba a neman sa a tasha ko a ƙofar otel, ana neman sa ta hannun 'yan jaridar wurin. A Bangi akwai Radio Ndeke Luka, a yankin tafkin Chadi akwai Radio Ndarason, ka samu wani abokin aiki a irin waɗannan gidaje ya haɗa ka da wanda ya yarda da shi. Ka tambayi wa ya taɓa yi wa aiki, ka kira wancan ka ji.

Abin da mutane ke mantawa, ɗan jagora ma yana da ƙabila da addini da tarihi. In ka ɗauki wanda danginsa ake zargi ka kai shi ya fassara maka maganar wadda aka ƙona wa gida, za ta gaishe ka da kyau ta ba ka ruwa ta ce komai lafiya lau. A unguwar PK5 ta Bangi Hausarka za ta kai ka nesa, amma in ka tsallaka unguwannin da sai harshen Sango ake ji, wani mutum daban kake buƙata. Haka a Adre, mai jin Larabci bai isa ba in masu magana 'yan ƙabilar Masalit ne kuma ba su saki jiki da shi ba.

Ku yi ciniki tun farko, ka biya shi kullum da yamma ba sai ranar tafiya ba, ka tambaye shi ko yana so a sa sunansa a rahoton ko a'a. In ya ce yau kada mu bi hanyar nan, ba a gardama.

6. Kaya da waya

Ba sai ka ɗauko shago ba. Waya biyu, ƙaramar na'urar sauti da soson kare iska, abin kunne, ma'ajin caji manya guda biyu, katin ajiya da yawa, tocila, littafi da biro, gidan sauro, maganin zazzaɓi da na gudawa da gishirin ruwa. Wandon sojoji ko riga mai ruwan kakin soja a bar ta a gida ko da ita ce ta fi maka kyau a hoto. Jirgi mara matuƙi ma kada ka fara sai da izini a rubuce.

Wayar aiki ka wanke ta tas kafin ka tashi. Wani shinge a kan hanyar dawowa an taɓa karɓar tawa, wani yaro ɗan jandarma ya zauna a kan benci ƙarƙashin darbejiya yana ta shafa hotuna da babban yatsa yana kallona, ni kuma gumi har cikin takalmi, don hoto na goma sha wani abu fuskar wani dattijo ce da ya roƙe ni kada kowa ya san ya yi magana. Allah ya taimaka wata babbar mota ta iso ya miƙo mini. Tun ranar duk dare nake kwashe komai zuwa katin ajiya in ɓoye shi daban, in goge wayar, sunayen mutane kuma ba na ajiye su da ainihin suna, "mai shayi 2" ko "inna mai goro" ya isa. Ka sa lambar sirri maimakon buɗewa da yatsa ko fuska, magana mai nauyi kuma ta Signal da saƙon da ke ɓacewa da kansa.

7. Hanya da tsaro

Kafin ka tashi ka samu mutum ɗaya a gida, mai natsuwa ba mai saurin kuka ba, ka ba shi hanyar da za ka bi, lambar ɗan jagora, lambar edita, ku tsayar da lokacin kira safe da yamma, da abin da zai yi in awa shida ta wuce bai ji ka ba. Ba a tafiyar dare. Damina kuma a gabashin Chadi daga Yuli zuwa Satumba rafuka kan cika su yanke hanya tsakanin Abeche da Adre, mota kan yini a bakin ruwa tana jira. Ba a sauka daga burji a shiga daji kama ruwa a inda aka yi yaƙi, nakiya ba ta san an yi sulhu ba, ka taka inda mutane da dabbobi suka taka.

Camille Lepage 'yar shekara 26 ce, mai ɗaukar hoto mai zaman kanta, aka kashe ta a yammacin Afirka ta Tsakiya a Mayun 2014 tana tare da mayaƙa a kan babura. 'Yan jaridar Rasha uku an kashe su kusa da Sibut a Yulin 2018. Shiga motar masu bindiga, ko ta wane ɓangare, yana mai da kai abin hari irinsu. In kana iya samun horon tsaro da agajin farko ka yi, Rory Peck Trust na taimaka wa masu zaman kansu da kuɗin irin wannan horo, ƙungiyar kare 'yan jarida ta RSF (Reporters Sans Frontières) kuma na ba da aron rigar sulke da hular ƙarfe, a shafin ACOS Alliance, ƙawancen da ke kula da tsaron masu zaman kansu, za ka ga bayanin inshora.

Gargaɗi na musamman gare mu 'yan arewacin Kamaru: kowa ya tuna Ahmed Abba na sashen Hausa na RFI, an kama shi a Marwa a Yulin 2015, kotun soja ta yanke masa shekara 10 a ƙarƙashin dokar ta'addanci ta 2014, sai Disamban 2017 ya fito bayan ɗaukaka ƙara. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. Duk wata hulɗa da ƙungiya mai makami, ko kira ɗaya ne, editanka ya sani a rubuce kafin ka yi, kuma ka san dokar ƙasar da kake ciki da ta ƙasar da za ka koma.

8. Zama da wanda aka zalunta

Nan ne aikin yake, sauran duk hanya ce. Kai kwana biyar za ka yi ka koma Garwa ka ci kifin Binuwai, ita kuwa matar nan za ta ci gaba da ɗiban ruwa a famfo ɗaya da ƙanin wanda ya kashe mijinta.

Ka fara da gaisuwa cikakkiya, ka zauna ƙasa in a ƙasa suke, na'ura tana cikin jaka tukuna. Ka faɗi ko kai wane ne, wa kake yi wa aiki, a ina za a ji maganar, kuma ka faɗa ɓaro-ɓaro cewa za ta hau intanet, mutanen garinsu na iya ji. Ka faɗa cewa kai ba ma'aikacin agaji ba ne, ba ka rabon kati ko shinkafa, don da yawa suna magana ne da zaton sunansu zai shiga jerin tallafi. "Inna, in kin ce a'a babu komai, in mun fara kika gaji mu tsaya." Sai ta ce to kafin ka danna.

Ka kori 'yan kallo cikin ladabi, har shugaban sansanin da ya kawo ka. Tambaya buɗaɗɗiya, "daga nan sai me ya faru", ba "mayaƙan RSF na Sudan ne suka yi ko?" ba, kada ka sa mata amsa a baki. Kada ka ce "yaya kika ji a ranki", kowa ya san yadda ta ji. In ta yi shiru ka bar shirun, kada ka cike shi. In ta fashe da kuka ka ajiye makirufo, kukan ba naka ba ne da za ka sayar.

Maganar fyaɗe kuwa, in kai namiji ne ka nemi mace ta yi hirar ko ta fassara, a ɗaki ba a tsakar gida ba, kuma ka san asibiti ko ƙungiyar da ke kula da irin wannan a kusa kafin ka buɗe maganar. Akwai ƙa'idojin da ake kira Murad Code da suka fito a 2022 kan yadda ake karɓar irin wannan shaida, ku karanta, akwai da Faransanci. Yara sai da babba nasu a wurin, fuskarsu kuma a'a.

Ɓoye suna ba canza suna kaɗai ba ne. In ka ce "wata mai 'ya'ya bakwai, matar limamin ƙauye kaza" ka riga ka nuna ta da yatsa. Ka cire sunan ƙauye, ka ɗauki hannu ko inuwa, a duba bayan hoton kada lambar tanti ko allon makaranta ya fito, murya ma in ta roƙa a sauya ta.

Kuɗi fa? Ba a sayen shaida, ranar da aka ji kana biya gobe mutum ashirin za su zo da labari iri ɗaya. Amma in ka hana mutum yininsa na neman itace, kuɗin mota ko abincin rana ba laifi ba ne a ganina, bayan hira ba kafin ta ba, wasu editoci ba su yarda da ko wannan ba to ka tambayi naka.

9. Tantancewa

Mutum na iya zama an zalunce shi da gaske kuma ya kuskure rana ko adadi, tashin hankali na rikita lissafi. Ka nemi mutum biyu ko uku da ba su zauna tare suka daidaita baki ba, ka ɗaura ranaku da abin da kowa ya tuna, kafin azumi ne ko bayan sallah, ranar kasuwa ce ko Juma'a. Ka gwada da rahotannin MINUSCA, rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a Afirka ta Tsakiya, ko HCR, hukumarta ta 'yan gudun hijira, ko ƙungiyoyin kare haƙƙi. Bidiyon da aka turo maka a WhatsApp ba hujja ba ne sai ka san wa ya ɗauka, a ina, yaushe. Wanda ake zargi kuma dole a nemi jin ta bakinsa, amma wannan kiran ka yi shi bayan ka bar yankin kuma ka tabbatar tambayarka ba za ta tona wanda ya ba ka labari ba.

10. Aikawa da bin kuɗi

Labarin da zai ɓata wa masu iko rai ka roƙi edita ya riƙe shi sai ka haye iyaka, ka kuma sanar da ɗan jagoranka ranar da zai fito don ya shirya. Ka nemi ganin kanun da hoton da za su sa, don sau da yawa a nan ake tona wanda ka yi wahalar rufewa. Takardar neman biya ka aika ta rana ɗaya da aikin, da rasidan mota da masauki da ka ɗauki hotonsu tun a hanya kafin gumi ya cinye tawada. In kwana 30 ya wuce ka tuna musu cikin ladabi, bayan mako biyu ka sake, akwai gidan da na bi wata huɗu kafin su turo, shi ya sa ba na tafiya da kuɗin cefanen gida.

In rahoton ya fito ka tura wa ɗan jagora ya kai wa mutanen su ji da kunnensu. Kai kuma in ka dawo ka ga barci ya ƙi, ko ƙarar salansar babur na sa ka zabura, ka samu wanda ya taɓa irin tafiyar ku zauna ku yi magana, kuma kada ka karɓi wata tafiyar a wannan watan ko da kuɗin ya yi kyau.